Takunkumi: Wa Aka Nufa, Wa Ya Samu?

Jawabin magatakardan ƙungiya a bikin zagayowar ranar kafa ta

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, sarakunan zango da wakilansu, malamanmu, Alhazai da Hajiyoyi, direbobi da yaran mota, da 'yan'uwa da suka taso daga rassanmu na Salaga da Yendi da Bawku, barkanmu da ganin wannan rana. Shugabanni sun umarci ofishin magatakarda ya yi magana a kan takunkumi, domin tun 2022 kalmar ba ta bar bakin membobi ba, kuma kowa da yadda ya fahimce ta. Mu yara ne a gabanku. Abin da za mu faɗa mun tattaro shi ne daga takardun da ke shigowa ofis da ƙorafin da kuke kawowa. In mun taɓa inda ke da ciwo, a yi mana haƙuri.

Kakanninmu da suka yi fatauci da jakuna sun san takunkumi tun kafin 'yan siyasa su ari kalmar. Shi ne abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta yi cizo ko ta yi ɓarna a gonar mutane. Dabbar da ta yi ɓarna ita ake ɗaura wa. Ba a ɗaura wa ayari gaba ɗaya.

Akwai takunkumin da ya bi wannan ƙa'ida. Ana rubuta sunayen mutanen da ake ganin su ne ke dagula zaman lafiyar wata ƙasa, a hana su tafiya, a riƙe kuɗinsu da ke bankunan waje. Da Kanar Mamady Doumbouya ya kifar da Alpha Condé a Gini ranar 5 ga Satumba 2021, shugabannin ECOWAS sun zauna a Ankara ranar 16 ga watan suka sa wa sojojin irin wannan. Ranar 7 ga Nuwamba 2021, a Ankara dai, suka yi wa masu riƙon ƙwarya na Mali haka. Tarayyar Turai ta bi sahu a Fabrairun 2022 da mutum biyar, har da firaministan lokacin, Choguel Maïga. A Yulin 2023 Amurka ta sa sunan ministan tsaron Mali, Sadio Camara, saboda hulɗa da sojojin hayar Wagner. To, a wurin nan wa ya ji waɗannan a aljihunsa? Babu. Motocinmu ba su tsaya ko na yini ɗaya ba.

Ɗaya irin shi ne wanda muka sha. Ranar 9 ga Janairu 2022, lokacin Nana Akufo-Addo na shugabancin ECOWAS, aka rufe iyakoki da Mali, aka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi. Amma a lura, a wancan karon an keɓe abinci da magunguna da man fetur da wutar lantarki. Duk da haka masu ɗaukar kaya daga Tema zuwa Bamako sun ji jiki. Gini ta ƙi rufe tata iyakar, Muritaniya kuwa da ma ba ta cikin ECOWAS, sai wasu kayan Mali suka koma Konakiri da Nuwakshot. An janye ranar 3 ga Yuli 2022.

Sai na Nijar, wanda shi ne ya shiga gidajenmu. Ranar 26 ga Yuli 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Kwana huɗu bayan haka, ranar 30 ga Yuli, aka zauna a Abuja aka yanke hukunci: a rufe iyakokin ƙasa da na sama, a dakatar da duk ciniki da mu'amalar kuɗi, a riƙe dukiyar gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin, sannan a hana sojojin da iyalansu tafiya. Wannan karon ba a keɓe abinci ba, ba a keɓe magani ba. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar ƙasar. Aka tare gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil.

Wani zai ce ai Gana ba ta da iyaka da Nijar, ina ruwanmu? 'Yan albasa su ba shi amsa. Albasar da ake sauke wa a Kumasi da Adjen Kotoku, mafi yawanta daga Nijar take, daga Galmi da kewayen Tawa, da ta Agadas a lokacinta. Hanyarmu ta da ita ce Yamai, Makalondi, Kanchari, Fadan Gurma, Kupela, Tenkodogo, Bitu, a shigo ta Kulungugu ko ta Sankase a faɗo Pulmakom. Burkina ta ƙi bin hukuncin Abuja, saboda haka a takarda hanyar a buɗe take. Amma wace hanya? 'Yan bindiga sun riga sun mai da gabashin Burkina wurin da direba ke barin wasiyya kafin ya shiga. Abin da ya sa da yawa suka koma bi ta Gaya zuwa Benin ke nan, kuma wannan ƙofar ce aka rufe. Ranar da hukuncin ya fita, motoci na kan hanya da kaya a bayansu.

Albasa ba siminti ba ce. Ba ta jira. Watan Agusta ne, ruwa na zuba, kaya a ƙarƙashin tamfol, zafi da laima sun haɗu. Kwana kaɗan sai ka ga ruwa na ɗiga daga ƙasan mota. Direba na cin kuɗin hanya yana zaune, yaran mota na kwana a ƙarƙashin tirela da sauro. Wasu suka sauke kaya suka tsallaka da shi kogin Kwara a kwalekwale, a sake lodawa a wancan gefe, kowane mataki da kuɗinsa. Wasu suka bi ayarin da sojoji ke rakawa ta Tera da Dori da Kaya, inda sai ka jira har ranar da rakiya ta tashi. A kudu farashi ya yi sama, masu saye suka ce mu ne muke cuta. A Galmi kuwa manomi ga kaya jibge ba mai ɗauka. Masu kawo shanu da tumaki ma ba su tsira ba, haka masu kai goro da katako arewa.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ba a gani a bakin boda. Da babban bankin ƙasashen sefa ya rufe wa Nijar ƙofa, tsabar kuɗi ta yi wuya, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai cira. Wanda kake bi bashi a Kwanni ko Maraɗi yana da kuɗi a banki amma ba ya iya taɓawa. Wannan ya same mu ne ba mu gama farfaɗowa daga faɗuwar sidi ta 2022 ba, shekarar da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba.

Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka janye takunkumin. A ranar, Bazoum na tsare, Janar Tiani na kan kujerarsa. Kusan wata bakwai ke nan. Ba mu ga sojan da ya rame ba. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ko da Benin ta buɗe nata gefen gadar, Nijar ta bar nata a rufe.

Mun san a cikinmu akwai masu manna hoton Kyaftin Ibrahim Traoré a bayan mota, akwai kuma waɗanda ba sa son jin sunan soja. Ƙungiya ba ta da jam'iyya, a Gana ma, balle a ƙasar wani. Amma a ra'ayin ofishinmu, wanda ya ɗauki bindiga ya tsare zaɓaɓɓen shugaba bai kamata a tafa masa ba, kuma ba laifi ba ne a rubuta sunansa a riƙe kuɗinsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da muka ƙi shi ne a rasa yadda za a yi da shi sai a huce a kan mai buhun albasa.

Mutanen Salaga sun fi kowa sanin abin da rufe hanya ke yi. Garin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina, su yi watanni a hanya don goron Gwanja, bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 hanyar goro daga Asante ta toshe, kasuwa ta koma Kintampo. Yaƙin basasar 1892 ya watsa ragowar mutanen zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare. An yi sulhu daga baya, amma ayari bai dawo ba. Irin wannan muke gani yanzu. Yawancin kayan Nijar da ke bi ta Kwatano sun koma Lome. Ranar 28 ga Janairu 2024 Mali da Burkina da Nijar suka sanar da ficewa daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, a ci gaba da shige da fice ba biza, har sai an sake sanarwa. Ku riƙe wannan “har sai an sake sanarwa”. Su ma can sun koyi rufe ƙofa: a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina, a Mayun 2025 kuma, gab da babbar salla, ta hana fitar da dabbobi. Shugaba Mahama ya naɗa manzo na musamman zuwa ƙasashen uku, shi kansa ya zagaya su a Maris 2025. Muna fata a wannan tattaunawa a tuna da masu hanya.

'Yan'uwanmu na Bawku ba sai an ba su labarin wata ƙasa ba. Ba za mu sa baki a maganar sarauta ba, ba hurumin ƙungiya ba ne. Amma dokar hana fita da hana hawa babur, wa ta fi kamawa? Mai kai kaya Missiga da Pusiga da asuba. Hajiyar da ke jiran rakiyar sojoji kafin ta kai kayanta Bolga. Mutanen Yendi sun ɗanɗani irinta bayan Maris 2002, kuma sun ga yadda kasuwa ta numfasa da aka naɗa Ya-Na a Janairun 2019. Allah ya kawo wa Bawku irin wannan rana.

Yanzu ga gargaɗin da shugabanni suka ce lallai mu isar. Mun ce takunkumin sunaye bai taɓa mu ba, amma akwai ƙofar da yake shigowa ta ita. Mutumin da aka riƙe wa kuɗi ba ya zama ya naɗe hannu. Yana neman wanda ke tsallaka boda kowane mako, wanda kwastan suka saba da fuskarsa, mai asusun da kuɗi ke shiga da fita ba a tambaya. Mu ne nan. Ba shi zai zo da kansa ba. Wani ne zai zo, mai fara'a, ya ce a sa masa kuɗi a asusunka ko a momo ɗinka, ka ba shi sefa a Sankase, ga ladanka. Ko ya ce ka ɗauki ɗan ƙunshi na zinariya, ko ka loda masa man fetur a jarkoki da babura da takin zamani ba ka san inda za su sauka ba. A ƙarƙashin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2020, bankunan Gana na bincikar sunaye suna kai rahoton duk shigar kuɗin da ba su gane ba. Ranar da aka rufe asusu, sunan da ke jikin Ghana Card shi za a kira. Mai fara'a ya kashe wayarsa. Amana ita ce jarinmu tun zamanin madugai, mun sani, amma amanar da muka gada ta wanda ka san maigidansa da zangonsa ce. Duk wanda aka kawo wa irin wannan tayi, ya sanar da shugaban reshensa kafin ya amsa.

Sai maganar bashin 2023, wadda har yau ba ta mutu ba. Akwai shari'o'i a littafinmu da ba a rufe ba. Mai kaya ya ce shi ya ba da albasa lafiyayya, a biya shi. Wanda ya ɗauka bashi ya ce ruɓaɓɓiya ta iso. Mai mota ya ce kwanakin da ya yi a boda wa zai biya? Kowa na da gaskiyarsa, kuma babu ko layi ɗaya a rubuce, domin a waya aka ƙulla cinikin. Akwai iyalai da suka yi shekaru suna ciniki tare, yau ba sa gaisawa. Muna roƙon iyayenmu dattawa da malamai su zauna a kan waɗannan kafin lokacin albasa mai zuwa, a raba asarar yadda shari'a da al'adar kasuwa suka tanada.

Don kada a maimaita, ofis ya shirya takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci da Faransanci. Tana faɗin wanda zai ɗauki asara in hukuma ta rufe hanya kaya na tafe, da kwana nawa mai mota zai jira kafin a fara lissafa masa kuɗin zama. Ba dole ba ce, amma wanda ya ƙi cikewa ya kawo ƙara daga baya, kwamitin sulhu zai fara da tambayarsa dalili.

Kwamitin zartarwa kuma ya amince a rubuta wa Ma'aikatar Kasuwanci da Ma'aikatar Harkokin Waje. Buƙatarmu ita ce, duk ranar da Gana za ta sake zama a teburin da ake yanke takunkumi, wakilinta ya nemi a keɓe abinci da magani da dabbobi, kamar yadda aka keɓe kayan masarufi a na Mali, sannan a ba motocin da ke kan hanya wa'adi su isa. Wasiƙa ba ta da nauyi in ba hujja a bayanta. Saboda haka duk wanda ya yi asara a 2022 ko 2023 ya kawo abin da yake da shi, rasit ne, takardar kwastan ce, ko hoton kaya a waya, ya faɗi hanyar da ya bi da kwanakin da ya yi. Ba za mu sa sunan kowa a wasiƙar ba. Sakatarorin rassa na Salaga da Yendi da Bawku za su karɓa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, har ƙarshen wata mai zuwa.

Allah ya jiƙan membobinmu da suka rasu a hanya, ya mai da matafiya gida lafiya.