Birnin Damagaram da ƙafa ake ganinsa



Da yawa daga cikinmu mutanen Ɗan Gulbi da kewaye mun sha zuwa Damagaram fatauci ko neman magani, amma daga tasha sai kasuwa, sai mu haye kabu-kabu mu juyo. Kaɗan ne suka taɓa shiga unguwar Birni da ƙafa. Lungunanta matsattsu ne, suna lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu, kuma mai gudu ba ya ganin zanen da magina suka yi a fuskar zaurukan ƙasa. A nan fadar Sarkin Damagaram take, ga kuma ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Wannan gari shi ne babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da mulki Yamai.

Mu mutanen jihar Maraɗi mun san zafin rashin irin wannan gado, domin ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi, aka koma tudu. Haka ma a ƙasar Folan an yi irin wannan rashi, inda yaƙi ya rushe tsohon garin Warso a 1944. Amma mutanensa suka sake gina shi yadda yake da, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1980.

Namu na Damagaram kuwa ruwan damina da siminti ne ke cin sa sannu a hankali. In hanya ta kai ku, ku ware safiya guda, ku riƙe hannun yaranku ku zaga da su.