Aragon: Sunan Ƙasa a Gurbin Sunan Uba



Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san al'adar nan ta liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Da ita muka san Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wurinmu sunan gari asali yake bayyanawa. Yau kuwa zan kawo muku labarin wanda aka ba sunan ƙasa domin a binne asalinsa.

Aragon tsohuwar daula ce a arewa maso gabashin Sifaniya. Babban birninta, Zaragoza, ya yi kimanin shekara 400 a hannun Musulmin Andalus kafin Sarki Alfonso na Ɗaya ya ci shi a 1118. Fadar Aljaferiya da sarakunan Banu Hud suka gina tana nan har yau, a cikinta ma majalisar yankin take zama. Ferdinand na Aragon ne ya auri Isabella ta Kastil a 1469, su biyun suka karɓe Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a can, a 1492.

Shi kuwa marubucin, Louis Aragon, a birnin Faris aka haife shi a 1897, ba ta hanyar aure ba. Mahaifinsa, Louis Andrieux, magidanci ne mai iyali, tsohon shugaban 'yan sandan Faris, kuma ya taɓa zama jakadan Faransa a Sifaniya. Ya hana yaron sunansa, ya laƙaba masa Aragon. Daga nan aka shirya ƙarya ta gida guda: aka ce wa yaron kakarsa ce ta ɗauke shi riƙo, mahaifiyarsa Marguerite yayarsa ce, dattijon da ke zuwa gidan kuwa uban baftismarsa ne kawai. Sai da ya zama saurayi, yana shirin tafiya Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan aka faɗa masa gaskiya. Ku duba fa, duk shekarunsa na makaranta malamai suna kiran wannan suna kowace safiya, yana amsawa, bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Shi nake tunawa idan na ji malami ya tsare yaro a gaban aji da tambayar me ya sa sunan kakansa aka rubuta, ba na ubansa ba. A ganina wannan tambaya ta ofishin hedimasta ce, kuma manya ya kamata a yi wa ita.

Andrieux ya mutu a 1931 bai amsa ɗansa ba. Ɗan kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Faransa, waɗanda aka riƙa yaɗa waƙoƙinsu a ɓoye lokacin mamayar Jamus. A 1963 ya fitar da Le Fou d'Elsa, wato Majnunin Elsa, da sunan matarsa Elsa Triolet. Ya gina shi a kan ƙissar Majnunu da Laila, ya kai labarin Garnaɗa a kwanakinta na ƙarshe, ya kuma tsaya a gefen Sarki Abu Abdullahi, wanda Ferdinand na Aragon ya fitar daga fadarsa.