A Yi Shirin Kwalara Tun Kafin Damina Ta Kankama

Wannan shi ne jawabin da wani malamin duba-gari ya yi wa masu unguwanni da limamai da sauran jama'a a Mugulbu, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, a Jihar Adamawa, game da ciwon amai da gudawa, watau kwalara.

Bayan ya yi sallama ya gode wa dattawa, malamin ya tuna wa jama'a abin da ya auku a watan Mayu na 2018, lokacin da kwalara ta ɓulla a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, har aka keɓe wurin jiyyar masu ita a Babban Asibitin Mubi. Ya ce ciwon ba baƙo ba ne, domin tun ƙarshen 1970 ya shigo Nijeriya, kuma a 2021 kaɗai ya hallaka mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan. Ga shi kuma Mubi gari ne na kasuwa, kusa da iyakar Kamaru, kullum masu shiga da fita ba sa yankewa.

Daga nan sai ya bayyana yadda ake kamuwa. Ya ce ƙwayar cutar tana fita ne ta bayan gida, ta shiga rijiya ko kogi ko abinci, wani ya sha ko ya ci. Ruwan sama na farko shi ke kwashe ƙazantar da aka yi a fili ya zuba ta a kogin Yedzaram da rijiyoyin da ba su da murfi. Abin lura kuma, yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya, suna nan suna harkokinsu, alhali kuwa suna yaɗa ta. Saboda haka duk gidan da aka sami mutum ɗaya, a sa ido a kan sauran har kwana 5, a riƙa tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu.

Inda malamin ya fi daɗewa shi ne batun jinkiri. Ya ce abin da ke kashe mai kwalara ƙarewar ruwan jiki ne, kuma ƙaƙƙarfan mutum yana iya rasuwa cikin 'yan sa'o'i. Da zarar an ga zawo tsararo mai kama da ruwan wankin shinkafa, to, kada a ce bari gari ya waye, kada kuma a tsaya neman ƙwaya a kemis. A jiƙa ruwan gishiri da sukari nan take. Idan babu na fakiti, a auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi yana kurɓa ko da yana amai, ana kan hanyar asibiti. Mai shayarwa kada ta janye wa jariri nono. Ya ce in an kai mutum da wuri, cikin ɗari da wuya a rasa ɗaya.

Ya kuma roƙi magidanta, musamman, da kada kunya ta sa a ɓoye mace a ɗaki don maigida ya yi tafiya. Limamai kuwa ya roƙe su da su bari ma'aikatan lafiya su nuna yadda za a yi wa mamaci wanka ba tare da masu wankan sun kwashi ciwon ba.

Game da rigakafi, ya ce na kwalara ba allura ba ce, a baki ake ɗigawa, daga ɗan shekara ɗaya zuwa sama, kamar yadda aka yi a Mubi a 2018 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya. A da sau biyu ake sha, amma a watan Oktoba na 2022 ƙarancin maganin a duniya ya sa aka koma sau ɗaya wajen yaƙi da annoba.

Wani dattijo ya tambaya ko wanda ya sha a 2018 yana da sauran kariya. Malamin ya amsa masa cewa ƙarfin maganin 'yan shekaru kaɗan yake yi, saboda haka in masu rigakafi sun sake zuwa, shi ma ya fito da iyalinsa.