Na'urar Tururi Ko Dutsen Guga?

  

Yau maganarmu a kan guga ce. Kwanakin nan dillalai suna shiga gidaje da wata na'ura da ake ce wa sitima, wadda ake zuba mata ruwa a jona ta da wuta, sai ta rinƙa feso tururi. Rataye rigar za ki yi, ki bi ta da bakin na'urar daga sama zuwa ƙasa, ki ga yamutsewar tana saki. Abin gwanin sha'awa. Har wasu na cewa dutsen guga ya zama tsohon yayi, wasu iyayen ma sun fara sa ta a kayan ɗakin 'ya'yansu a maimakonsa. To, kafin ki ba da kuɗin adashinki, bari mu duba.

Abu uku ne ke miƙar da tufa: zafi, da danshi, da danni. Dutse yana ba ki duka ukun in kin yayyafa ruwa. Ita sitima ba ta danni ko kaɗan, kuma zafinta na tafasasshen ruwa ne, wato wajen digiri 100. Ki duba 'yar takardar da ke wuyan kayan kanti, za ki ga hoton dutsen guga da ɗigo a ciki. Ɗigo ɗaya na nufin digiri 110, biyu 150, uku 200. Auduga ɗigo uku take so. Kin ga ke nan tururi bai kai ba.

Inda take da rana shi ne kayan da ke tsoron dutse. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa ganin mayafi ya manne a gindin dutse ba, ga biki ana jira? Mayafi mai shara-shara, abaya mai duwatsu, leshi, har labulen da yake rataye, duk sitima za ta gyara su ba ƙuna ba ƙyalli. A nan kam na yaba mata.

Amma ki ɗauko kaftanin maigida na ranar Juma'a, ko kayan makarantar yara. Waɗannan kari suke so, kari kuwa sai da danni. Kayan da aka sa wa sitaci ma tururi laushi yake sa su, ƙarfin ya tafi. Shadda kuwa ba a magana. Ba banza ba har yau masu bugu suke zaune a Kano, suna dukan ta a kan gungumen itace har ta yi sheƙi. Nauyi ne ke fito da ƙyallin nan, danshi kuwa rage shi yake yi. Atamfa za ta ɗan saki, amma duk mai ido zai gane ba ta ga dutse ba. Ke da kike karɓar wankau da guga a cikin gida kina samun na cefane, kada ki yarda wani ya ce ki sauya, masu kawo kayan kari suke biya.

Sai zancen wuta. Wasu na zaton tunda 'yar ƙarama ce ba ta cin wuta. Yawancinsu suna jan wat 1000 ko fiye, daidai da dutsen lantarki, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Ranar da aka ɗauke wuta ana gobe Sallah, dutsen gawayin nan da ake rainawa shi zai fitar da ke kunya.

Akwai kuma abin da ya fi ado muhimmanci, iyaye mata ku saurara. Da akwai wani ƙuda, ya fi yawa da damina, da ke yin ƙwai a jikin tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, musamman masu ɗan warin fitsari, irin su wandunan jarirai da zannuwan goyo. In aka sa wa yaro, tsutsar sai ta shiga fatarsa, wurin ya kumbura kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a shanya a igiya cikin rana, sannan a goge ciki da waje da dutse mai zafi, a bi bakin ɗinki sosai. Kada ki dogara da wucewar tururi sama-sama a kan kayan jariri.

Wadda kuma ta riga ta saya, ko aka kawo mata tsaraba, ga abin kiyayewa. Kada ki tara rigar tana jikinki ko jikin yaro don sauri, ƙunar tururi ba ta da daɗi. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna barin farin ƙasa-ƙasa da ke toshe bakinta, har ya ɗiga ya ɓata baƙar abaya, ruwan saman da aka tace ya fi. Na san kuma halinmu da ƙamshi: kada a zuba humra ko turare a cikin tankin, man da ke ciki tabo zai yi. Ki bar rigar ta sha iska ta bushe tukuna, sannan ki ɗora ta a kabbasa ta sha turaren wutarta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.