Babur, Inshora da Aljihun Talaka



Mu da muka fito daga Tambuwal da Kebbe mun san matsayin babur a gidajenmu. Shi ke hawa kwalta daga Dogon Daji zuwa Tambuwal, shi kuma ke kutsawa cikin yashi da taɓon hanyoyin ƙauyukan Kebbe, ɗauke da buhun gero ko majinyaci. Da yawanmu da kuɗin kabu-kabu ake biya mana makaranta. Saboda haka ranar da babur ya kwanta, gida ne ya kwanta.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ake kashe kuɗi a kansa. Saurayi zai sayi Bajaj Boxer, ya ƙawata shi da fitilu da ham mai ƙara, amma ya manta da baƙin mai. Alhali kuwa ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar inji. In matatar iska ta toshe, babur ya riƙa shan mai. In ta yage, yashi ya shiga ya cinye fistin. Gyaran da ya dace da hanyoyinmu shi ne taya mai manyan haƙora, da sarƙa mai ƙwari, da birki mai kamawa, da hular kwano.

Sai batun inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai abin hawa inshorar da ke biyan wanda ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar NAICOM ta yanka wa babur naira 3,000 a shekara, da diyyar dukiya har naira miliyan 1. A lura fa, wannan ba ta gyara babur ɗin mai shi, ba ta kuma biyan sata. Amma ranar da ya buge mutum ko ya fasa motar wani, ita ce za ta hana a sayar da gonar gado. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, akwai takaful, wanda aka gina bisa taimakon juna.

'Yan'uwa, mu ne masu karatu a gidajenmu. In mun koma hutu, mu karɓi takardun babur ɗin iyayenmu da yayyenmu mu duba, domin takardar jabu ba ta biyan ko anini. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya.