Jawabi Kan Suyar Gahawa A Gida

 

Maganarmu ta yau kan gahawa ce. Ba ta fita a ƙasar Dakusa, ruwanmu bai ishe ta ba, sai wadda aka kawo. Ƴan Abijan kan zo da ɗanyar ƙwaya, alhazai kuma da tasu ta Makka. Abin da ya dame mu shi ne, mutum ya sha wahalar hanya da tsarabarsa, ta zo ta ƙone a kasko dare ɗaya. Mu ma mun taɓa yin wannan ɓarna, har maƙwabta suka leƙo ko gobara ce.

To, gahawa ba gyaɗa ba ce. Ba a ɗora ta kan harshen wuta, garwashi take so. A zuba kaɗan a kaskon da bai taɓa ganin mai ba, kada ƙwaya ta hau kan ƴar'uwarta, a yi ta juyawa, hannu ba hutu. Za ta yi rawaya, ta koma ja, sannan a ji tana fashewa kamar gugguru. Wannan ƙarar ita ce sallama. Mutanen Makka tun kafin nan suke saukewa, shi ya sa tasu ba ta baƙi. Mu dai mu ƙara minti 1 ko 2. In ta yi baƙi ƙirin tana ƙyallin mai, gawayi aka yi. A juye a faifai nan take a bakace, don zafin da ta ɗauka ma yana ci gaba da cinta.

Wajen daka, a wanke turmi sarai, gahawa na kwashe warin daddawa da barkono. A daka ta yini guda kawai, sauran a rufe a kwalba. Ruwa ya tafasa, a zuba garin da ƴar citta, yadda ƴan'uwanmu na Sudan ke yi. Ta taso a janye, a bari gari ya kwanta, sannan a tsiyaye.

Iyayenmu, ku yi mana haƙuri da wannan: ƙwayar Abijan ta kusan ninka ta Makka wajen hana barci. Mai hawan jini ya tambayi likita tukuna, sauran kuma finjali ɗaya da hantsi ya isa.

Taro mai zuwa za mu zo da kasko da garwashi. Mai ƙwaya ya zo da tasa.