Maganin Haƙori Da Ya Zama Guba

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci



Maganar yau a kan 'yar kwalbar nan ce ta maganin ruwa, wadda ake saya wa yaro idan ya fara haƙori jikinsa ya yi zafi. Uwa ba ta da hanyar sanin abin da ke cikinta. Launi ba ya nunawa, ɗanɗano ba ya nunawa. Don haka ne gwamnati ta ajiye ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne su duba magani kafin ya iso ƙauye.

A shekarar 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan an ba su farasitamol na ruwa. Da aka bincika, sai aka tarar an haɗa shi da wani sinadari mai zaƙi, irin wanda ake sa wa a man birkin mota. Wannan sinadari ƙoda yake kashewa. Bayan shekara uku, a 1993, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NAFDAC domin kula da ingancin abinci da magunguna. Ita ke gwada magani, ta duba inda ake yin sa, sannan ta ba shi lamba.

Duk da haka abin ya sake faruwa. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka yi a Legas, ya shiga kasuwa da irin wannan guba. Kamfanin ya sayi kayan haɗi ne daga hannun ɗan kasuwar da ba shi da lasisi. Yaro zai fara amai da zawo da zazzaɓi, daga nan sai fitsari ya ɗauke. Abin takaici, amai da zawo su ne abin da mutanenmu suka saba cewa haƙori ne. Uwa tana iya ganin haka ta ƙara wa ɗanta wani cokali, tana neman masa sauƙi. Aka yi ta kai yara asibitoci a Legas da Zariya. Gwamnati ta ce yara 84 suka rasu. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai.

A lura da yadda asiri ya tonu. Ba a masana'anta aka gano gubar ba. Likitoci ne suka ga yara da yawa da ciwon ƙoda iri ɗaya, suka tambayi iyaye abin da aka ba su, suka kai rahoto. Sannan ne aka rufe kamfanin aka kwashe maganin daga kantuna. Ma'aikatan hukuma ba su da yawan da za su shiga kowace kasuwar ƙauye, kuma wannan rauni ne da ya kamata gwamnati ta gyara. Kafin a gyara, sai an kai musu labari suke sani.

Mai kemis na ƙauye shi ma yana ƙarƙashin doka. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato PCN, ita ke ba shi lasisi, kuma lasisin bai ba shi izinin yin allura ba. Tambayarsa takardar ba rashin kunya ba ne. Tallar magani a faranti cikin rana, ko a tasha, ko a cikin mota, doka ta hana. A 2024 an rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari ta Kano, aka ce su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, inda za a iya sa musu ido.

Wanda ya koyi karatu a wannan aji yana iya duba lambar NAFDAC da ranar da magani zai lalace a jikin kwali. Amma 'yan jabu su ma suna buga lamba, saboda haka a sayi magani inda aka sani.

Idan yaro ya sha magani ya yini bai yi fitsari ba, a daina ba shi, a garzaya asibiti a ranar. Kada a yar da kwalbar. A tafi da ita da kwalinta, domin a jikinsu ne aka rubuta lambar zubin da aka yi maganin, kuma da ita ake bin sawun sauran kwalaben.

Wassalam.